Soja Marmari Daga Nesa: Tarihin Yarda da Mai Kaki Kamar Yadda Abuja Ta Gani

Cikin kirarin da Bahaushe ya yi wa soja, babu wanda ya kai "soja marmari daga nesa" faɗin gaskiya. Akwai "birgimar hankaka, kowa ya ga baƙinka ya ga farinka", amma wannan kirari ne na maroƙi, mai haɗa yabo da tsoratarwa. Na farkon kuwa hukunci ne na wanda ya ɗanɗana. Duk da haka, a duk lokacin da masu binciken ra'ayin jama'a irin su Afrobarometer suka zagaya ƙasar nan suna tambayar mutane wace hukuma suka fi amince wa, sai a tarar soja yana gaba da ɗan sanda, yana gaba da ɗan majalisa, yana gaba da hukumar zaɓe, galibi malaman addini ne kawai ke shan gabansa da tazara. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin sawun wannan yarda cikin tarihi, a ga inda ta samo asali da kuma irin ma'aunin da ake auna ta da shi. Na zaɓi Abuja ta zama madubi domin kuwa babu wani gari a Nijeriya da hannun soja ya fito ɓaro-ɓaro a jikinsa kamarta. Soja ne ya raɗa mata suna, soja ne ya tare a cikinta, kuma a cikinta ne ya miƙa mulki ya koma bariki.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa soja bai shigo ƙasar Hausa da farin jini ba. Tushen rundunar sojan Nijeriya shi ne wasu Hausawa 18 da Bature Gulba (wato John Glover) ya tara a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu. Daga wannan tsatso aka kafa rundunar da Lugga ya shirya a 1897, ita ce ta shiga tsohuwar Abuja a 1902, ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin shekarar nan, sa'an nan ta share garin Satiru daga doron ƙasa a 1906. Turawa ne ke ba da umarni, amma masu riƙe da bindiga baƙar fata ne, kuma da Hausa ake ba su umarnin. Saboda haka a idon mutanen wancan zamani soja ɗan koren Nasara ne, wanda ya rasa tudun dafawa a gida. Sardauna kansa ya ambata a littafin tarihin rayuwarsa cewa sojan farko da Turawa suka ɗiba a Sakkwato bayi ne gudaddu da 'yan dakon kasuwa, kuma sun yi mummunan suna. Har yau kalmar "bariki" ba ta gama wanke kanta a Hausa ba. In an ce da mutum ɗan bariki, ba yabonsa aka yi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗan sauya wannan kallo. Dubban samarin Arewa sun je Habasha da Bama sun dawo da lambobin yabo da labarin duniya, har Malam Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta "Maraba da Soja". Sai dai abin lura shi ne sojan da aka yi wa maraba sojan nesa ne, wanda ya yi faɗansa a ƙetaren teku. Hukumar da talaka ke kwana yana tashi da ita a lokacin ita ce En'e, da dogarinta da ɗan dokarta da alƙalinta da gidan yarinta. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke sa aikin tilas, kuma bayan an soma siyasar jam'iyyu ita ce bulalar da aka yi ta zane 'yan NEPU da ita. Mutum ya yi lacca ba da izini ba, ɗan doka ya kama shi, alƙali ya ɗaure shi wata uku ko shida ba lauya ba ɗaukaka ƙara mai amfani, ya kuma yi zaman ɗaurin a gidan yarin hukumar da ta kama shi.

A nan ne, a ganina, aka dasa irin yardar da muke magana a kai. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 bai zo wa Arewa da daɗi ba ko kaɗan. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da wasu manyan hafsoshi, kuma abin da ya biyo baya a watannin Mayu da Yuli da Satumba da Oktoba na shekarar nan jini ne a kan jini. Amma bayan ƙura ta ɗan lafa, tsakanin 1967 da 1970, gwamnatin soja ta yi abin da 'yan NEPU suka shekara goma sha biyar suna kuka a kai ba su samu ba. An soke kotunan sarakuna, an karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnati, an haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun Tarayya. A 27 ga Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida. Malam Aminu Kano, wanda En'e ta daɗe tana farautar magoya bayansa, sai ga shi kwamishina a gwamnatin Janar Gowon. Talakan Kano ko na Katsina da ya wayi gari ya ga ɗan doka ya tuɓe jar dara, ba majalisa ya gode wa ba, ba kuma kotu ba. Da bakin alƙalamin soja aka yi abin, dare ɗaya, ba muhawara. Yaƙin Basasa ya ƙara armashi. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura har ta kai wajen 250,000 a 1970, wato da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗa a fagen daga. Mawaƙan baka irin su Alhaji Mamman Shata da marubuta waƙa irin su Alhaji Aƙilu Aliyu suka yi ta zuga soja, gidan rediyon Kaduna yana yaɗawa safe da yamma.

Wannan farin jini bai daɗe ba ya fara disashewa, domin sojan da ya dawo daga daga ya zauna cikin gari, ya shiga kasuwa, ya hau motar haya bai biya ba. Gwamnoninsa kuwa suka shiga kuɗin mai da hannu bibbiyu. A 1 ga Oktoba 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Da aka ture shi a 29 ga Yuli 1975, binciken da aka yi ya sami goma daga cikin gwamnoninsa goma sha biyu da laifin almundahana. To, wane ne ya wanke sunan soja? Wani sojan ne dai, Janar Murtala Ramat Muhammad, kuma da shi ne Abuja ta shigo labarin.

Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a watan Agusta 1975 domin ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama hedikwata. Kafin shekara ta ƙare kwamitin ya miƙa rahoto, a 3 ga Fabrairu 1976 kuma aka fitar da Doka ta 6 wadda ta yanki ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar Nijeriya ta mai da ita Yankin Babban Birnin Tarayya. Sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali ita ce garin Haɓen Zazzau da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan Fulani sun kori yayansa Sarki Makau daga Zariya, garin da masu jihadi ba su taɓa ci da yaƙi ba. Ita aka roƙa ta bar wa sabon birni sunanta, ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kwana goma bayan sa hannu a wannan doka aka harbe Murtala a kan titin Legas. Mulkinsa bai wuce kwana ɗari biyu ba, kuma ina ganin gajartar nan tana cikin sirrin ƙaunar da ake yi masa. Jama'a sun ga saurinsa, sun ga an kori ma'aikata fiye da 10,000 "nan take", sun yi tafi, ba su zauna da shi har sun ga ɗacin abin ba. Ɗacin ya fito daga baya. Ma'aikacin da ya ga an kori na gaba da shi ta rediyo, ba tuhuma ba kare kai, wasu ma ba fansho, sai ya koyi darasin cewa kujera ba tabbas, gara ya tara abin da zai ci gobe tun yau. Aikin gwamnati bai sake komawa yadda yake ba.

Akwai kuma wasu mutane da tun ranar farko suka ga sojan Abuja daga kusa, su ne Gwari (Gbagyi) da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da sauran mazauna yankin na asali. Alkawarin da aka yi musu a 1976 shi ne za a kwashe su duka a sake musu matsuguni a wajen yankin, gwamnati ta biya. Da aka ƙidaya su aka ga sun fi yadda aka zata yawa nesa ba kusa ba, kuɗin diyya kuma ya fi ƙarfin aljihu, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sauya magana a 1978: wanda gini ya iso gonarsa kaɗai za a tasa. Ƙasar kuwa doka ta riga ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ita baki ɗaya. Haka suka zauna baƙi a gonakin kakanninsu, ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, suna jiran ranar da katafila za ta iso. In za a yi binciken yarda da hukuma a ƙauyukan da birni ya haɗiye, irin su tsohon Garki da Maitama da Wuse, da amsar ta bambanta da ta Kano.

Jamhuriya ta Biyu ta ba mu misali mai kyau na yadda ake auna soja da ɗan sanda. A watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakalori wuta saboda sun tsaya kan neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. A watan Disamba na shekarar nan kuma 'yan Maitatsine suka fi ƙarfin 'yan sanda a Kano, sai da aka kira soja da igwa kafin a murƙushe su a 'Yan Awaki. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Abin da ya zauna a zuciyar mutane shi ne ɗan sanda jarumi ne a gaban manomi, rago a gaban mai makami, soja kuwa in ya zo magana ta ƙare. Ba a cika tambayar mutum nawa ne cikin dubban nan harsashin mai ceto ya kashe ba. Da aka zo zaɓen 1983 aka ga rawar da 'yan sanda da hukumar zaɓe ta FEDECO suka taka, sai hanya ta buɗe. A daren 31 ga Disamba 1983 Shugaba Shehu Shagari yana Abuja, birnin da ya ƙwallafa rai a kan gininsa har ya kai bikin 'yancin kai can a 1982. Nan soja suka biyo shi, nan kuma aka kashe Birgediya Ibrahim Baƙo a musayar wuta da masu gadin Shugaba. Da gari ya waye aka ji badujala a rediyo, mutane da yawa murna suka yi. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Murnar ba ta shekara ba. Yaƙi da rashin ɗa'a ya koya wa mutane bin layi, gaskiya ne, amma da bulala da tsallen kwaɗo. An fasa rumbunan 'yan kasuwa an sayar da kayansu da ƙarfi, an canza kuɗi a Afrilu 1984 cikin 'yan kwanaki har mutanen karkara da yawa suka tashi da takardun banza, Doka ta 2 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida. Harajin da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke a 1979, sai ga shi ya dawo a hannun gwamnonin soja. Saboda haka da Janar Babangida ya ture Janar Buhari a 27 ga Agusta 1985, nan ma an yi murna. Wannan ita ce ɗabi'ar abin: ana yi wa kowane soja maraba ne saboda wanda ya kora.

Mu da ke harkar adabi muna da namu tabon a wannan zango. Manjo-Janar Mamman Jiya Vatsa, Ministan Abuja a 1984 da 1985, marubucin waƙa ne, shi ne kuma ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya filin nan na Mpape da yanzu ake kira da sunansa. An zarge shi da shirya juyin mulki, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark suka taka har wurin Babangida, abokin Vatsa tun suna yara a Minna, suka roƙa masa rai. Aka harbe shi a 5 ga Maris 1986.

Tarewar gwamnati a Abuja ma tsoron soja ne ya gaggauta ta, wato tsoron da soja ke yi wa ɗan'uwansa. A 22 ga Afrilu 1990 Manjo Gideon Orkar ya yi shela a rediyo cewa an cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Nijeriya, aka yi ruwan wuta a Barikin Dodan, Babangida ya sha da ƙyar, dogarinsa Laftanar-Kanar U. K. Bello ya rasa ransa. A 12 ga Disamba 1991 ya tattara ya koma fadar da ya gina a gindin Dutsen Aso, wadda barikoki suka kewaye. Duk wanda ya san Asokoro ya san fadar nan an gina ta ne domin kada a iso ta. Mai mulki ya yi nesa da jama'a, sai dai wannan nisan bai haifar da marmari ba, domin tsarin SAP na 1986 ya riga ya shiga tukunyar kowa.

Abin da ya faru a kotunan Abuja a watan Yuni 1993 ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda sauran hukumomi suka rasa mutuncinsu. Saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙasa, a daren 10 ga Yuni, Mai Shari'a Bassey Ikpeme ta Babbar Kotun Abuja ta ba da umarnin hana zaɓen, bisa ƙarar wata ƙungiya ta Arthur Nzeribe mai neman soja su zarce, alhali dokar da sojan suka yi da kansu ta hana kotu sa baki a maganar. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta yi zaɓen duk da haka a 12 ga Yuni. Ana cikin bayyana sakamako sai Babban Jojin Abuja, Ɗahiru Saleh, ya ba da umarnin a dakata. Wasu kotuna a wasu jihohi suka ba da umarnin a ci gaba. A 23 ga Yuni gwamnati ta soke zaɓen ɗungurungum, kuma cikin hujjojin da ta kawo har da cewa tana son ta ceci martabar kotuna daga wannan rikici. Wanda ya kunna wutar shi ne ya zo da guga. Mutanen Kano kuwa a ranar zaɓen sun nuna inda zuciyarsu take, domin Abiola ya ka da Bashir Tofa a jiharsa ta haihuwa. Abin da suke so shi ne soja ya tafi. Shekara 32 bayan haka, a watan Fabrairu 2025, a wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abujar nan, aka ji cewa Babangida ya amsa a cikin littafin cewa Abiola ne ya ci zaɓen.

Nan ne na ga kuskuren da ake yi in ana kwatanta soja da sauran hukumomi, kamar dai tsere suka yi daga layi ɗaya soja ya zo na ɗaya. Cikin shekara 39 na farko na 'yancin kai, wajen 29 soja ne ke mulki. Duk ranar juyin mulki abin da ake fara rushewa shi ne majalisa, sai jam'iyyu, sai a jingine sassan tsarin mulki. Kotu ana barinta, amma a rubuta a ƙarshen kowace doka cewa ba ta da ikon sauraron ƙara a kai. Ɗan sanda kuwa, da yake shi ma yana da bindiga, kishiya aka ɗauke shi. An bar shi ba mota ba makami ba albashin kirki, an shekara da shekaru ba a ɗauki sababbin ƙurata ba, har a 1999 'yan sandan ƙasar nan duka ba su fi kimanin 140,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 100. Rundunar SARS da matasa suka yi wa bore a 2020, a 1992 aka kafa ta, zamanin soja. Jami'a ma ba ta tsira ba: an haramta ƙungiyar malamai a 1988 da 1992, an kori Dokta Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988, an sallami Dokta Yusufu Bala Usman a 1989, sa'an nan a 1995 aka naɗa Manjo-Janar Mamman Kontagora mai ritaya kantoman Jami'ar Ahmadu Bello. Kokawa ce aka yi da wanda aka ɗaure wa hannu, sa'an nan ana yi wa mai kayarwa guɗa. Ita kanta rundunar ba ta fita lafiya ba, domin Laftanar-Janar Salihu Ibrahim, a jawabinsa na barin shugabancin sojan ƙasa a 1993, ya kira ta rundunar da kowane irin abu ke iya faruwa a cikinta.

Zamanin Janar Sani Abacha ya raba ra'ayin Hausawa har gobe. Akwai masu tuna man fetur naira 11 lita da hanyoyi da magungunan PTF. Akwai masu tuna Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya ja taron tsara tsarin mulki a Abuja ya sa wa soja wa'adin Janairu 1996, aka kama shi a Maris 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 8 ga Disamba 1997. Da tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a Afrilu 1996. Da ɗaruruwan miliyoyin daloli da ƙasashe irin su Suwizalan suka yi ta maido wa Nijeriya. A Maris 1998 aka kwaso matasa cikin motoci zuwa Abuja domin gangamin "mutum miliyan biyu" na roƙon Janar ya zarce, a Afrilu jam'iyyu biyar duka suka tsai da shi, a 8 ga Yuni ya rasu a fadar Dutsen Aso. Yardar da sai an yi hayar mota an raba kuɗin abinci kafin a nuna ta, mai karatu ya san sunanta. A 29 ga Mayu 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki a Dandalin Eagle. Kwamitin Oputa da aka kafa a shekarar nan domin binciken take haƙƙin ɗan Adam ya gayyaci Buhari da Babangida da Abdulsalami, babu wanda ya je, rahoton da ya miƙa a 2002 kuma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

Da soja ya koma bariki sai marmari ya dawo. A Abuja ma barikin Mogadishu, wanda aka fi sani da barikin Abacha, ya zama wurin da farar hula ke zuwa cin gasasshen kifi da yamma a kasuwar mami. Ɗan sanda shi aka bari a kan titi yana miƙa hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2017 ya nuna kusan rabin waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda sai da suka ba da na goro. Mutum yakan haɗu da ɗan sanda sau goma kafin ya haɗu da soja sau ɗaya, don haka laifin ɗaya a tafin hannu yake, na ɗayan kuwa sai a labari.

Unguwar Apo ta ga duka biyun. A daren 7 ga Yuni 2005 'yan sanda suka kashe samari biyar 'yan kasuwar kayan mota na Apo, 'yan ƙabilar Ibo, da wata budurwa da ke tare da su, suka ce 'yan fashi ne. Gari ya ɗauki zafi, aka ƙone ofishin 'yan sanda, Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin shari'a, aka gurfanar da jami'ai, kuma ko da yake shari'ar ta ci kusan shekara goma sha biyu, a 9 ga Maris 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa biyu hukuncin kisa ya sallami uku. A 20 ga Satumba 2013 kuma, da asuba, soja da jami'an tsaron farin kaya suka afka wa wani kangon gini kusa da gidajen 'yan majalisa na Apo, inda 'yan ci-rani daga Arewa, masu tuƙa Keke NAPEP da masu ƙananan sana'o'i, suke kwana. Mutum takwas suka mutu, goma sha ɗaya suka ji rauni. Aka ce 'yan Boko Haram ne. A Afrilu 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce babu hujjar hakan, ta umarci a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5. An biya kuɗin a 2018. Ɗan sandan da aka raina ya tsaya gaban alƙali da sunansa da fuskarsa. A wancan ɗaya ɓangaren baitulmali ne ya biya, magana ta mutu. Hukumar da ba a iya tuhumarta, laifinta ba ya shiga littafi, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ɗaga makinta in an zo bincike.

Tun da rikicin Boko Haram ya iso Abuja, aka tashi bam a hedikwatar 'yan sanda a 16 ga Yuni 2011, a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a 26 ga Agusta na shekarar nan, a tashar Nyanya a 14 ga Afrilu 2014, soja ya sake fitowa kan titi, ya kafa shinge a Zuba da Giri da hanyar Keffi. Yau yana aikin ɗan sanda a mafi yawan jihohin ƙasar nan. Babu mai musun cewa dubban yaran talakawa masu kaki sun ba da ransu a Barno da Zamfara, kuma a cikin yardar da ake yi wa soja akwai haƙƙin jininsu. Amma aikin ɗan sanda yana zuwa da gadonsa. A 27 da 29 ga Oktoba 2018 soja suka yi arangama da 'yan Shi'a masu tattaki a Zuba da kusa da Karu. Runduna ta ce mutum shida suka mutu, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla 45. A 5 ga Yuli 2022 'yan bindiga suka fasa kurkukun Kuje suka saki ɗaruruwan fursunoni, kafin watan ya ƙare kuma aka yi wa dakarun da ke gadin fadar Shugaban Ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari. Sunan nan na "in ya zo magana ta ƙare" ya sami tsaga.

Sai ga shi a farkon Agusta 2024, shekara guda bayan soja sun karɓi mulki a Yamai, matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da Katsina, wasunsu suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja ya zo ya karɓa. Mafi yawansu an haife su bayan 1999. Ba su taɓa jin badujala da asuba ba, ba su san Doka ta 2 ba, sojan mulki a wurinsu yana da nisan shekara 25. A Abuja kotu ta killace masu zanga-zangar a babban filin wasa, wanda tun 2019 yake ɗauke da sunan Abiola. Waɗanda aka kama a Kano da Kaduna kuwa 'yan sanda suka kwaso su zuwa Abuja suka tsare kusan wata uku. A 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da 76 daga cikinsu gaban Babbar Kotun Tarayya bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Aka sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. Da hotunansu suka bazu duniya ta yi ca, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, a 5 ga Nuwamba kuma aka yi musu sababbin tufafi aka kai su fadar Dutsen Aso, inda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnoninsu.